Saura Ɗaya: Rayuwar Parsimei ole Kilusu

An haifi Parsimei ole Kilusu a shekarar 1938 a wata ruga da ke kudu da Kajiado, a ƙasar Masai. Mahaifinsa Kilusu makiyayi ne mai babban garke, sunan mahaifiyarsa Nashipae.

Ƙuruciya

A shekarar 1947 hukuma ta umarci kowace ruga ta ba da yaro ɗaya makaranta. Da yake a wurinmu, mu Masai, yaro na kowa ne, dattawa ne suka zauna a gindin itace suka zartar da hukunci, cewa yaron da ke ɓatar da awaki shi za a miƙa wa malamai, mai hazaƙa kuwa a bar wa shanu. Parsimei ya riga ya san kowace saniya da launinta da uwarta, saboda haka aka ɓoye shi cikin maruƙa aka tura wani. Ya daɗe yana alfahari da wannan ɓuya.

Jagoranci da Aure

Bayan kaciyarsa a 1954 ya shiga sahun samarin mayaƙa, tsararsa suka zaɓe shi kakakinsu, domin bakinsa ya fi mashinsa kaifi. Ya auri Nosim a 1965, ta haifa masa ɗansa na fari, Meitamei, yaron da ya gado shi a kaifin ƙwaƙwalwa.

Taron 1976

A wannan shekara aka buɗe makaranta kusa da rijiya, dattawa suka sake zama don tantance yaran da za su shiga. Meitamei ya zo ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ni ma ina so." Lankas, kawun yaron, ya ce, "Parsimei, sake shi ya tafi mana, kansa ya fi naka."

Parsimei ya ce, "Ji mai magana, wanda bai san yawan awakinsa ba! Wa ke ba wa takarda ɗan da ya san shanu? Ku kai mata masu barci a kiwo." Taro ya kwashe da dariya, dariyar nan kuwa ita ce ta zama hukunci. Ba Meitamei kaɗai ta hana karatu ba, har da duk wani yaro mai basira a rugagen yankin.

Fari

Farin 1984 ya cinye garken. A shekarar da ta biyo baya Meitamei ya nufi Nairobi neman aikin gadi, alhali ko sunan titi ba ya iya karantawa. Ranar tafiyarsa ya nuna wa mahaifinsa ƙasusuwan da ke zube a shinge ya ce, "Baba, ga shanun da ka ajiye ni dominsu." Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba, duk da cigiyar da mahaifinsa ya je ya yi a birnin.

Shekarun Ƙarshe

Nadama ta ci Parsimei, kuma bai ɓoye ta ba. Ya sayar da bijimin da ya rage masa aka rufa wa makarantar kwano. Kowace safiya yakan bi ruga-ruga da sandar kiwonsa yana kora yara aji. In uba ya ce, "Tsoho, ɗanka ne?" sai ya amsa, "To na wa ne? Tashi ka bi awakinka da kanka, ƙafarka ba ta karye ba."

Idan aka gaishe shi da gaisuwar da aka saba, aka ce, "Yaya yara?" ba ya cewa suna lafiya, sai dai ya ce, "Saura ɗaya." A al'ada ba a ambaton sunan mamaci, don haka dangi, da suka ɗauka ya mutu, suka daina kiran sunan Meitamei. Shi kuwa kullum sai ya kira shi, kuma ya bar wasiyya kada a tsallake shi in ana lissafa 'ya'yansa.

Rasuwa

Parsimei ya rasu a damina ta 2011 yana da shekara saba'in da uku. An shafe gawarsa da kitsen bijimi kamar yadda ake yi wa dattawa, aka binne shi a gefen shingen shanunsa, 'yan makaranta suka jera duwatsu a kan kabarin.

Ya bar matarsa Nosim da 'ya'ya biyar: Seleyian, malamar makaranta, Tipape, malamin dabbobi, Resiato, ungozoma, Koinet, wanda ke riƙe da garke, da kuma Meitamei.