Ruwan Dutsen Marke a Cikin Jarka

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Gwallaga a Bauchi, ni da ƙanena, da wata 'yar farar jarka tana gangare-gangare a kujerar baya. Masu ta tambayar abin da ya hana ni amsa saƙo ranar Asabar, to ga amsarku: dutse na hau. Yanzu haka da nake wannan rubutu ƙafafuna suna cikin ruwan ɗumi, in zan miƙe kuwa sai na dafa bango.

Baba ne ya aike mu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti abinci ya fita kansa. Kunu ma sai ya kurɓa kaɗan ya kau da kai. Mun gwada romo, mun gwada fate, har gwaten acca maƙwabciyarmu ta kawo, duk a banza. Ana cikin haka ya kira ni ya ce yana so a ɗebo masa ruwan idon da ke kan Dutsen Marke, ƙauyen da aka haife shi, wanda ya baro tun yana saurayi. Ni a tunanina, in ya sha ruwan garinsu maƙoshinsa zai buɗe ya ci abinci, don haka ban tsaya dogon tambaya ba. Ya yi mana kwatance dalla-dalla kamar jiya ya baro wurin: a wuce Miri, a saki kwalta, za mu ga kuka mai amya, sai wani dutse da ya tsage biyu, mu bi ta tsakiyarsa, mu haye falalin da mata ke niƙa. Ruwan yana gaba kaɗan, ƙarƙashin wani baure.

Hanyar Jos da sassafe ba laifi, in ban da tifofi masu jigilar tsakuwa da ba sa kauce wa kowa. A Miri muka tsaya karyawa wajen wata mai masa. Masar ta yi daɗi, miyar taushen ma ba a magana, sai dai girmanta ne ya ba ni tausayi. Kuɗin ya hau, ita kuma ta koma kamar murfin kwalba. Ƙanena ya ci nasa ya ci rabin nawa, wai yana tara ƙarfin hawa. Mutumin da ko benen ofishinsu in ya hau sai ya huta a tsakiya. Ya kuma zo da takalmi sau-ciki mai sheƙi, kamar wanda za shi ɗaurin aure.

Gaba da Miri muka ajiye motar a wani gidan mai, saboda hanyar da ta rage ta fi ƙarfinta. 'Yan acaɓa suka yanyame mu. Suna ganin takalmin ƙanena suka ninka kuɗin, ni kuma na tsaya na yi ciniki irin na kasuwar Wunti har suka sauko. Muka ce Dutsen Marke, suka ce sun sani sarai. Tafiyar babur a kan wannan hanya ba zan so wa maƙiyina ba. Ƙashin bayana ya ƙirga kowane rami.

Marke da suka sauke mu ƙauye ne mai kyan gani: firamare, famfon tuƙa-tuƙa, masallaci da coci suna kallon juna, ga mangwaro ya nuna har yana zuba. Dutsen yana bayan gari, ba wani babba ba, irin wanda daga ƙasa za ka raina. Ban ga kuka ba, ban ga tsagaggen dutse ba, amma na ce shekaru sun ja, komai na iya canzawa. Muka kama hawa.

Bazara ce, kun dai san ranar Bauchi. Kafin hantsi ya ɗaga dutsen ya fara ƙona tafin hannu. Na hau da ƙafa, na hau da gwiwa, wani wurin ma da ciki na ja. Ƙanena yana bayana yana haki, takalmin nan nasa sai zamewa yake, daga ƙarshe ya cire ya riƙe a hannu, safarsa ta kwashi ƙarangiya. Da muka kai sama, abin da muka tarar awaki ne, da sunayen da samari suka rubuta da fenti, da ledojin ruwa. Kallo dai akwai shi. Ana hango gonaki an share su ana jiran ruwan farko, can nesa kuma rufin kwanon gidajen Bauchi yana walƙiya. Amma ruwa ko ɗigo babu. Mun zagaya, mun leƙa kowane lungu. Na zauna a inuwar wani dutse, raina a ɓace, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Ta ɗaya gefen muka sauko, inda muka iske wasu mata suna fasa dutse suna tara tsakuwa. Na gaida wata dattijuwa a cikinsu, na tambaye ta idon ruwan da babana ya aiko mu. Ta ajiye gudumarta, ta dube mu sama da ƙasa, ta yi dariya har da tafa hannu.

"Kai, sannunku! Wannan ba shi ne Marke na iyaye ba. Lokacin da mutane ya sauko kusa da hanya, sun taho da sunan, suka ba wannan dutse. Na babanki yana can, kufai. Ruwa yana nan, amma shanu ya ɓata shi."

Ta nuna mana wani ɗan tudu can tsallaken gonaki, wanda ma bai kai wannan tsawo ba. Ashe sabon Marke muka hau. 'Yan acaɓa ba su yi ƙarya ba, wanda suka sani suka kai mu, kuma tuni sun kama gabansu.

A nan ne ƙanena ya kawo shawararsa. Ya kalli tudun, ya kalli famfon ƙauye, ya ce, "Yaya, ruwa fa ruwa ne. Mu cika a famfon nan mu tafi. Shi ma ai na Marke ne, ba ƙarya muka yi ba." Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shiga kunnena. Gwiwoyina sun goyi bayansa. Abin da ya hana ni, Baba mutum ne mai tambaya. Zai ce yaya kuka, yaya baure, ni kuwa ban iya kallon idonsa in shirya zance ba. Na ce ya mayar da takalminsa mu tafi.

Gonakin nan ba inuwa ko ta rantsuwa. Kututturen dawa na bara suna sukar ƙafa, toka tana tashi daga inda aka ƙona shara. Ruwan shanmu ya ƙare tun a kan dutsen farko. Sai ga kuka. Tana nan tsaye, babu amya ko ɗaya, amma turakun da ake takawa a hau suna nan a jikinta sun yi baƙi. Ganinta ya ɗan dawo min da rai. Tsagaggen dutsen kuwa saura ɓari guda. Ɗayan an ƙona shi da taya an farfasa, wataƙila yanzu yana cikin dakalin wani sabon gida a Tirwun.

Hawan kufan bai kai na farko tsanani ba, gajiya ce dai ta riga ta cinye mu. A sama muka ga da'irar duwatsu inda ɗakuna suke a da, da fasassun tukwane, sai falalin niƙa. Ramuka ne dogaye a jere, sumul kamar cikin akushi. Na durƙusa na sa hannuna a ɗaya. Sunan mahaifiyar Baba aka sa min, ban taɓa ganinta ba, ko hotonta babu, kuma a nan ta niƙa hatsin da ya ci. Ƙanena ya ce in tashi rana na yi.

Bauren an sare shi, kututture kawai ya rage. Idon ruwan yana ƙarƙashin leɓen wani dutse, bakinsa duk sawun shanu da kashinsu, samansa gansakuka, ƙudan zuma suna shawagi. Daga can ciki ne yake tsattsafowa garau, inda hannu ba ya kaiwa sai an kwanta. Na kwanta rub da ciki, ni da girmana, ƙanena ya riƙe min ƙafafu yana kore zuma da hularsa. Da murfin kular shayi na dinga ɗebowa, ina tacewa da bakin mayafina ina ɗurawa. In na ɗebo sai na jira ya sake taruwa. Na ɗanɗana: sanyi ƙarara, da ɗanɗanon dutse da ganye. Da jarkar ta kai rabi hannuna ya gaji, wuyana ya ƙage. Na ce mutumin da ko kunu ba ya shanyewa, rabin jarka ai ya ishe shi. Muka rufe muka sauko.

Komawa ma wani aiki ne. Wata Bafulatana ta cece mu da fura da nono a gindin kukar, na sha har ina lumshe ido. Babur babu, sai wani direban tifa da ya zo ɗaukar tsakuwa ya tausaya ya ɗauke mu zuwa bakin kwalta. Yadda aka tura ni na hau motar nan, gara da ba wanda ya ɗauki hoto. Na rungume jarkar a cinyata har gidan man. A mota kuma lissafin yadda zan tafasa ruwan nake yi ba tare da Baba ya sani ba, don ban yarda cikin mara lafiya ya ɗauki abin da shanu suka sa baki ba.

Mun shigo Gwallaga dab da magariba, fututu da mu. Baba yana kishingiɗe, Inna a gefensa da kwanon kunun da bai taɓa ba. Kamar yadda na zata, tambaya ya fara. Kuka? Tana nan. Dutsen? Saura ɓari. Baure? Na ce an sare. Ya gyaɗa kai. Ya sa aka buɗe masa jarkar, ya kai hancinsa, ya daɗe yana shaƙa, ya ce shi ne. Na miƙe da ƙyar zan ɗauko kofi in wuce da ruwan kicin.

"Uwata," in ji shi, don haka yake kirana. "Wa ya ce miki sha zan yi? Ki ba innarku ta ajiye. Ranar da za a yi min wanka, a zuba a cikin ruwan."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙanena ya tashi ya fita wai zai yi alwala, ya daɗe bai dawo ba.

In kuna son darasin tafiya, ga shi. In an aike ku ƙauye ku tambaya tsohon gari ne ko sabo. Ku sa takalmin da ya san ƙasa. Ku riƙe ruwan sha fiye da yadda kuke zato. Sauran kuma ban gama fahimta ba, na dai gode wa Allah da ban tsaya a famfo ba. Jarkar tana ƙarƙashin gadonsa yanzu, in na shiga shara sai in ja ta in mayar. Ba ta da nauyi. Da na san abin da za a yi da ruwan nan, wallahi ko hannuna zai cire sai na cika ta.