Ƙyauren da Baba Ya Ƙi

Tashi daga Wad Madani

Tun kafin kiran assalatu na fito da ƙyauren zuwa ƙofar gida. Maiɗakina Zainabu na riƙe mini da fitila ina ɗaure shi da igiya, tana ta cewa ita dai ba ta ga ranar da tsohon nan zai karɓa ba. Na ce ta bar ni da ubana. Ƙyaure ne na katako mai kauri, na sa an lulluɓe shi da kwano, an shafa masa shuɗin fenti, har da sakata.

Ni Sani magini ne. Da wuya ka bi layi a unguwarmu ba ka ga bangon da hannuna ya ɗora ba, amma mahaifina a bukkar kara yake kwana, a wani ƙauye da muke kira Zango, kudu da Sinnar, a bakin kogi. Yayata Kulu, wadda ke kula da shi, ta aiko cewa tarin bara bai sake shi ba, kuma in ya ƙara yin damina a ƙarƙashin ciyawa mai yoyo, sai dai wani ikon Allah. Shi ne na ɗaura aniyar in gina masa ɗaki ɗaya na ƙasa kafin ruwa ya sauka.

Wanda bai san mu ba zai ce ina wahalar a nan. Baba ya baro ƙasar Gobir da ƙafa yana saurayi, da niyyar Makka. Ya tsaya tsinkar auduga a Jazira, wannan yanki namu na manyan gonaki, don ya haɗa guzuri, a nan ya yi aure, ya haife mu, ya binne mahaifiyarmu. Tsofaffi irinsa ba sa gini, ba sa dasa itace, domin a wurinsu wanda ya yi gini ya iso ke nan. Duk zuwan da na yi, da mun gama gaisawa sai ya ce, "To, yaushe za mu tashi?" Ni kuwa amsata ba ta canzawa: baɗi in Allah ya yarda.

A tasha direban lorin, wani Balarabe mai ƙaton rawani, ya zagaya ƙyauren ya kira ni yadda suke kiran kowane mutum, ya ce, "Ya zol, wannan kaya ne ko fasinja?" Na ce kaya ne. Ya ce ai ya fi ni faɗi, don haka kuɗin mutum guda zan biya masa. Na biya ina ƙunƙuni. Muka tashi gari bai gama wayewa ba, ni da ƙyaure a saman buhunan albasa.

Hajj Abdalla

Hanyar ta bi gefen babbar magudanar ruwa, gonaki hagu da dama har iyakar gani. An gama auduga, an tumɓuke karanta an tara ana ƙonawa, hayaƙi na tashi nan da can. Da hantsi ya yi kwanon ƙyauren ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, wata tsohuwa da ta jingina da shi ta zage ni da Larabci ta ƙara da Hausa.

Mun tsaya a Hajj Abdalla cin abinci. Na sami ful, wato dafaffen wake da man riɗi, da kisra mai ɗumi, wainar dawa mai faɗi, na kora da shayi mai zaƙin tsiya. A bakin gari akwai shingen askarawa. Ɗaya ya hau yana taɓa kaya da sanda, ya ƙwanƙwasa ƙyauren, ya tambayi mai shi. Da ya ji harshena sai ya yi dariya ya ce, "Fallata da ƙyaure? Kun fasa Makkar ke nan?" Fallata suke kiranmu duka. Mutanen lorin suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma ba don maganar ta yi mini daɗi ba.

Sinnar

Taya ta fashe mana a hanya, saboda haka sai bayan la'asar muka hango madatsar ruwan Sinnar. Na sauka gidan Alhaji Mamman mai agashe, wato tsiren can, tsohon abokin Baba ne da suka yi tsinkar auduga tare. Shi kam ya je Makka ya dawo, ya gina ɗakuna ya zauna abinsa. Ya ba ni nama mai yaji da ruwan randa, sannan ya tsura wa ƙyauren ido.

"Wanga na wa?"

Na ce na Baba ne, na zayyana masa zancen tari da damina.

"Sani, ka bar shi nan. Ni na san ubanka tun ba ka zo duniya ba."

Na ce ai lafiyarsa nake ji. Muna cikin haka jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, wanda ke bi ta Gadarif zuwa bakin teku, hanyar masu zuwa Makka. Alhaji ya nuna wajen da haɓa ya ce, "Wancan ne maganin tarinai." Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Ni da na taho da awon ɗaki a kaina, taku kaza tsawo, taga ta gabas, ba ni da kunnen jin wata magana.

Zango

Washegari na yi hayar jaki, muka bi bakin kogi kudu, ƙyauren na rangaji a bayansa, ni ina tallafe da gefe ɗaya. Kafin azahar muka shiga Zango. Bukkoki ne na kara da ciyawa, babu bango ko ɗaya sai na masallaci, babu inuwa sai ta rumfuna.

Baba na zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, a ƙarƙashin rumfarsa. Ya rame ƙwarai. A bakin bukka sandarsa da gorarsa na rataye inda na san su tun ina yaro, an shafe su da mai, igiyar gorar sabuwa ce. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Zainabu da yara ɗaya bayan ɗaya. Sai idonsa ya kai kan jakin. Ya dubi ƙyauren, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce wa Kulu ta kawo mini ruwa. Tambayar nan da yake yi mini kullum bai yi ta ba. Na lura, amma a lokacin sai na ji sanyi a raina, na ce yau na huta da faɗin baɗi.

Da safe na buɗe magana. Na ce ɗaki ɗaya ne tak, ƙarami, don tari. Ya ce a'a. Na ce liman ya halatta, ya ce liman bai taso tare da shi ba. Sai ya shiga ba ni labarin da ya sha ba mu muna yara, na Annabi Ibrahim, alaihis salam, yadda Ubangiji Ya ce ya bar garinsu da dangin ubansa, ya kama hanya bai san inda za a sauke shi ba.

"Bai ce a nuna mai wurin tukuna ba. Tashi yay yi. Mu ma haka munka taso, ba wanda yas san Jazira. Uwata ta raka ni har bakin rafi tana kuka, nic ce mata gun Allah za ni. In na yi gini nan, mi zan ce mata? In ce gun auduga niz zo?"

Ni kuwa na taho da hujjata a shirye, har ina jin daɗin kaina. Na ce, "Baba, ai shi ma Annabi Ibrahim ya yi gini. Shi da ɗansa suka ɗora dutse kan dutse."

Ya yi tari mai tsawo, Kulu ta riƙe masa ƙwarya. Da ya sami numfashi ya ce, "Gaskiyarka. Ya yi gini, shi da ɗanai. Ɗaki guda, kuma ba nashi ba ne. Shi nika son gani, Sani. Na zaci kai ne ɗan da za ya kai ni."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sai na tashi na shiga duba rufin bukkar kamar shi ya kawo ni.

Abin da ya yarda da shi ɗaya ne, a sake baibaya. Kwana biyun da suka rage mini a kan jinka na yi su, ni magini guda ina ɗaure ciyawa, maƙwabta na miƙo mini suna dariyar yadda hannuna bai saba ba. Ƙyauren kuwa Kulu ta jingina shi a bayan dangarta, ta ce kada ya riƙa ganinsa.

Ranar komawa na durƙusa yin sallama, na kasa haƙuri na ce, "Baba, wannan karon ba ka tambaye ni yaushe za mu tashi ba."

"Ka riga ka ba ni amsa. Bisa jaki kak kawo ta."

Na rantse masa cewa da kaka ta yi zan zo mu hau jirgin Sinnar tare, ba baɗi ba, bana. Ya dafa kaina ya ce Allah shi kai mu. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Komawa

Dawowar ba ta da labari. Direban nan dai na sake samu, ya tambaye ni ina abokin tafiyata, na ce ya zauna can. Hadari na haɗuwa a kudu muna gudu a gabansa, muka shiga Wad Madani da magariba. Zainabu ta ga fuskata, sai ta kawo mini ruwa. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Mamman da ya ba ni masauki da shawarar da ban ɗauka ba, da yaya Kulu da mutanen Zango da suka taya ni baibaya.

Kaka ba ta riske shi ba. A tsakiyar damina ya rasu, lokacin da laka ta rufe hanya, ko lori ɗaya ba ya motsi, sai da aka yi sadakar bakwai labari ya iso ni. Da hanya ta buɗe na je, Kulu ta ce rufin bai yi yoyo ba ko sau ɗaya. Ta ce da aka zo wanka an nemi allo mai faɗi a duk Zango an rasa, sai wani ya tuna da abin da ke bayan danga. Aka ɗora shi kan duwatsu, a kansa aka yi wa Baba wanka, aka kai shi aka kwantar da shi, fuskarsa na duban Makka. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi niyyarsa a matsayin isowa. Sandar da gorar suna nan gidana, kuma ban sake sayen ƙyaure ba sai da na hau jirgin Sinnar ni kaɗai.