Tabon Kar-ki-taɓa

Duk wanda ya taɓa kai kaya shagon wankin da ke bayan coci ya san mai shagon. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, Kar-ki-taɓa ake ce masa, don maganar da ta fi zama a bakinsa ke nan. Ɗan guntun mutum ne mai sanƙo, sanƙon na sheƙi kamar shi ma ya sha guga, hannuwansa sun yamutse saboda shekara talatin cikin ruwan sabulu. Shagon ɗaki ɗaya ne: baho uku, tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi, sai igiyar shanya da ke marin duk wanda ya shigo bai sunkuya ba.

Dokarsa ɗaya ce tak. In kaya ya yi tabo, a kawo masa yadda yake. Abin da ke tayar masa da hawan jini shi ne matan da kunya ke sa su fara dirzawa a gida, wai kada mai wanki ya ga ƙazantarsu. Su zuba ruwan zafi, su goga, su bi da guga, sai tabo ya samu wurin zama ya miƙe ƙafa, sannan a kwaso a kawo masa ana murmushi. Da ya ɗaga rigar ya duba a hasken ƙofa, ya san an taɓa. Daga nan kuwa sai dai mace ta nemi kujera, don wa'azinsa ya fi na fasto tsawo, kuma babu waƙa a tsakiya.

To, ga mutumin nan, shi ke wanke rigunan mawaƙan coci, shi ke goge kwalar fasto har ta tsaya da kanta, ko sisi ba ya karɓa. Amma ranar Lahadi iyakarsa bakin ƙofa. Ya rako matarsa, ya miƙa kayan, ya koma ƙarƙashin taga ya tsaya yana kallon yadda karin gugarsa ke tafiya a jikin mutane. In an ce ya shigo, sai ya ce yana zuwa, akwai abin da yake gyarawa tukuna.

Matarsa kaɗai ta san abin. A ƙuruciyarsa kwalba ce abokiyarsa, kuma ranar da mahaifiyarsa ke jinyar ƙarshe an aika masa sau uku, bai iya tashi daga inda yake ba sai da aka rufe mata ido. Ya bar sha tun ranar. Amma ya ƙudurta a ransa cewa mai irin wannan tabo ba ya zama gaban Allah sai ya fitar da shi, shi ya sa yake ta wanki kyauta, yana jiran ranar da zai ji ya yi fes. Shekara ashirin ranar ba ta zo ba. Matar ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi gori, har ta gaya masa cewa jininsa na hawa, kada fa shigarsa ta farko ta zama a kafaɗar mutane. Ya ce bakinta ya sari ɗanyen ƙashi.

Ran nan da hantsi sai ga matar fasto da farin mayafin teburin Jibin Ubangiji, ruwan inabi ya zube a tsakiyarsa. Baiwar Allah ta dirza, ta zuba ruwan zafi, ta bi da guga. Kar-ki-taɓa ya ɗaga mayafin, ya duba a hasken ƙofa, ya manta da wa yake magana. Ya tambaye ta ko an gaya mata shi mai wanki kayan masu tsabta yake jira. Ya ce in da za ta iya fitarwa da kanta, me zai sa shi ya buɗe shago? Rashin yarda ce kawai, in ji shi, mutum ya ƙi sakin abu ga wanda aikinsa ke nan.

Matarsa na gefe tana ninke zannuwa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mama, ki yi haƙuri da shi. Shi ma akwai wani mayafin da yake dirza shekara ashirin, ya hana Mai wankin gani."

Matar fasto, da yake ba ta rasa wayo ba, ta gyara zama ta ce ai Yesu bai hau gicciye don masu fararen kaya ba. Wankin an riga an gama shi da jininsa, abin da ya rage wa mutum shi ne ya yarda ya miƙa, yadda ita ma yanzu za ta bar mayafin nan ta tafi gida ba tare da ta tsaya gadinsa ba.

"Ko wane iri ne, Mama?" Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ba a saba ji ba.

"Kai ka taɓa mayar da kaya don sun cika datti?"

Ya juya ya ɗauki dutsen guga. Ya dai ƙona hannun wata riga a ranar, karo na farko a tarihin shagon.

Da Lahadi ta zo, ya rako matarsa kamar kullum, ya miƙa rigunan mawaƙa. Ta juya za ta shiga sai ta ji mutum a bayanta yana taka mata zane. A benci na uku ya zauna, gumi na tsiyaya daga sanƙon, yana bin waƙa da muryar da gara a ce ya yi shiru. Garin sauri ashe gawayi ya shafar masa gaban farar rigarsa, baƙi ƙirin, daidai ƙirji. Matarsa ta gani, ta lashi bakin gyalenta ta kai hannu za ta goge.

Ya riƙe hannun, idonsa na gaba.

"Kar ki taɓa," in ji shi. "Haka na kawo."