Ɗakin Barcina Mai Taya

Don yawo aka ƙera tirelar, amma ni ba don yawo na saye ta ba. Irin ɗakin nan ne mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi hutu, da gado da ɗan kicin da makewayi a ciki. Tsohuwar tirela ce, wata abokiyar aikina ta sayar mini bayan mijinta ya rasu. Barci na saye ta in yi. Aikin jinya nake, na dare, gidanmu kuma a garin Laurel, nan ƙasar Turawa, ya daɗe da zama tasha. Duk wanda ya taso daga Kafanchan ko Kagoro da biza a hannu, to lambar maigidana na aljihunsa. Kullum cewa yake ɗan kwana biyu za su yi. A cikin kwana biyun nan na ga wanda ya koyi tuƙi, ya sami aiki, har ya yi aure.

Ba ƙin baƙi nake ba. Ni ma a falon wasu na fara kwana a ƙasar nan, a Silver Spring, ban manta ba. Amma lokacin da nake dawowa in kwanta, lokacin ne gidan ke tashi. Wannan na markaɗe, wancan na waya da gida murya a sama, wani na ƙwanƙwasa mini ƙofa wai ina na ajiye daddawa. Ranar da barci ya sace ni a gaban danja, sai da motocin baya suka cika titi da hon na farka, na san dole in nema wa kaina wuri. Na sa aka ajiye tirelar a bayan gida, na ja mata wuta, na rataya baƙaƙen labule. Nan nake shiga da safe in kulle, ba mai ganina sai la'asar. Rabona da irin wannan barci tun ina budurwa.

Sai yayar maigidana ta zo. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka duk gidan Yaya muke ce mata, maganarta kuma ba a mayarwa. Mace ce da ba ta iya zama. In ba ta sami aiki ba sai ta ƙirƙiro shi. Wata safiya aiki ya riƙe ni a asibiti har rana ta yi, na dawo ina ganin hanya bibbiyu, na zagaya baya. Ƙofar tirelar a buɗe, katifata a rana, ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashi kamar an fasa famfo. Ga Yaya tsaye a bakin ƙofa, zani a tattare, riƙe da tsintsiyar da ta taho da ita tun daga gida.

"Matarmu, sannu da aiki," ta ce tana haki. "Na wanke miki ɗakin nan tas. Ai ban san iyakar bokitin da na kwarara ba kafin dattin ya fita."

Haka muke wanke ɗaki a gida, na sani, da hannuna na yi shekaru ina yi. A kwarara ruwa, a dirje, a kore shi ta ƙofa. Amma can siminti ne. Nan leda ce kawai aka manna a kan falanki, ruwa in ya sami gefe ya shige ƙasa ba ya fita. Na tsaya ina kallonta. Kun san abin da na yi? Na rusuna na ce, "Sannu Yaya, an gode, Allah ya saka." Har yau in na tuna godiyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ba a daɗe ba ledar ta fara kumbura. Wajen kicin in ka taka sai ƙasa ta lotsa kamar burodi, warin fumfuna ya cika ɗakin. Na yi wa maigidana ƙorafin warin, ashe tana ji. Washegari ta sake yi mini alheri. Ta hura gawayi a kasko, ta barbaɗa turare, ta dangwarar da shi a tsakiyar ledar, ta ja ƙofa ta rufe don ƙamshin ya kama. Ƙaurin roba ne ya fito da maƙwabcinmu. Kaskon ya narka ledar ya bar baƙin rami, ga tukunyar gas ba nisa. Da na shiga na gani, sai na wuce wurin maigidana kai tsaye.

"Ki yi haƙuri, Maman yara," in ji maigidana. "Alheri ta yi niyya."

Na ce masa na san alheri ta yi niyya, shi ya sa ba ni da bakin magana, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Ya ce in rage murya kada ta ji.

Masu gyaran tirela suka ce layi ya yi tsawo, sai bayan an gama hutun bazara. Ni kuwa na koma barcin cikin gida, wato rashin barci. Na ce ba zan jira kowa ba. Na kalli yadda ake yi a waya, na sayo kaya, na ɗaura takunkumi irin na asibiti. Kullum in na dawo da safe, maimakon gado sai in durƙusa. Na kwance tebur da benci, na bi gefe da reza na ɓamɓaro tsohuwar ledar. Inda gam ya kama da ƙarfi sai na hura masa zafi da abin busar da gashi kafin ya saki. Abin da na tarar a ƙasa ya fi abin da na zata. Falankin ya yi baƙi, ina taɓawa yana marmashewa a hannuna. Na yanke ruɓaɓɓen har inda katako ke da ƙwari, na kunna fanka na bar wurin ya bushe, na yanko sabo na ɗaure da sukuru, na cike tsagogin na goge da samfefa har tafin hannuna ya daina jin tudu.

A lokacin akwai ƙarti biyu a gidan, 'yan uwan maigidana, kowannensu ya fi ni ƙarfi. Suna falo suna kallon ƙwallo. Ɗaya ya taɓa leƙowa, ya same ni a durƙushe, gumi na shiga mini ido.

"Anti, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Don Allah an canza faswod na wayifai ne?"

Allah ne ya taimake shi ya tafi da wuri, don reza na hannuna.

Ɗakin tirela ba shi da kusurwa ko ɗaya miƙaƙƙiya, ga ƙafar gado, ga kumburin taya, ga bututu. Sai na yi yadda tela ke yi. Na shimfiɗa takarda na fitar da siffar ƙasan, na ɗora a kan sabuwar ledar na yanka. Na shafa gam kaɗan kaɗan, ina mannawa ina murzawa da taɓarya don kada iska ta maƙale. Gwiwoyina suka yi kanta. Ranar da na gama na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa ina kallo. Leda mai launin katako, sumul, ba ƙulli ko ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Yaya ta zo ta cire takalmi ta shiga tana ta salati irin namu, "Kai, Yesu! Matarmu, ashe ke kafinta ce." Maigidana ya tsaya a tsakiya yana duban gado, yana duban makewayi. Na san wannan kallo, na daɗe da saninsa.

Ranar Lahadi bayan mun taso daga coci, muna cin tuwo, ya gyara murya. Kawunsu zai zo aikin ido. Dattijo ne, ga gida a cike, bai kamata a haɗa shi ɗaki da samari ba.

"To tunda tirelar ta gyaru," ya ce, bai dube ni ba.

"Ai da ma ta fi dacewa da baƙo," in ji Yaya. "Matar aure da ɗaki a bayan gida, ba tsari ba ne."

Wato da tana tsohuwa da ledarta mai tabo, ba wanda ya ga ta isa a sa mutum. Sai da na ba ta gwiwoyina da barcina. Na ajiye lomar da ke hannuna.

"A'a," na ce.

Ɗiyata, wadda Hausa sai dai ta ji ta amsa da Turanci, ta daina tauna.

"Maman yara," in ji maigidana.

"Na ce a'a. Rayukan mutane nake riƙewa da dare. Wurin barcina ne, ba na bayarwa."

Yaya ta wanke hannu ta tashi. Tana wucewa na ji ta ce ƙasar nan tana canza mutane. Kafin Lahadi ta zagayo, matan zumunta a coci sun ji labarin matar da ta hana tsoho ɗaki.

Kawu ya zo. Mutum mai sanyi, ba ruwansa, bai ma san an yi rigima a kansa ba. Aka shimfiɗa masa a doguwar kujerar falo. Kullum da safe in na shigo nakan same shi a takure, bandeji a ido, ƙafafunsa sun zarce kujerar. In durƙusa in gaishe shi, ya lalubo kaina ya sa mini albarka, ya ce, "Je ki huta, 'yata, kin sha aiki."

Sai in zagaya baya, in shiga, in kulle, in ja labule. Ɗakin shiru, ba wari, ƙasa sumul. In kwanta ido biyu ina jin haushin su duka, har da tsohon da bai yi mini komai ba, har la'asar ta yi in tashi in sa kayan aiki.