Famfon Iskar Majemarmu

Mu majema ne tun kakanni. Majemarmu tana bayan garin Bagudo, a kan gangaren da ya sauka zuwa tafkin da makiyaya suke shayar da shanu. Ruwan jima kuwa, wanda aka jiƙa fata a cikinsa da toka da bagaruwa da kashin tattabaru, ko kare ba ya lasa. Wata damina ya gangara cikin tafkin, shanu suka kumbura suka mutu. Ardo ya kai ƙara, aka yanke cewa in an sake, mu tashi.

Ana dab da samun 'yancin kai aka kafa mana famfon iska. Doguwar hasumiya ce ta ƙarfe mai fukafukai. Iska ta juya su, famfon ya ɗago ƙazamin ruwan daga babban rami, ya bi da shi ta cikin tsakuwa da yashi da gawayi, ya fito garau. Ba fetur, ba jaki. Yayana, wanda ya gaji majemar daga mahaifinmu, yakan ɗaga kai ya ce, "Subhanallahi, iska ma ta shiga sana'ar jima."

Mai kula da famfon wani Badande ne daga ƙasar Dahome. Duk wata yakan zo a kan keke, ya hau sama, ya shafa wa haƙoran injin wani baƙin maiƙo. Da aka fara tambayar takarda a kan iyaka, zuwansa ya yi wuya, daga baya ya ɗauke ƙafa.

Famfo ya soma kuka.

Na ce, "Yaya, a aika birni a nemo man nasa."

Ya ce, "In ƙirgi ya bushe, mi muka shafa mai?"

"Man kaɗe."

"To ƙarfe ya fi fata girman kai ne? Hau, malam sarkin tsoro."

Na hau da ƙwarya, na yi bisimilla, na cusa man da hannuna. Kukan ya tsaya, muka yi hamdala.

Da bazara ta yi zafi, man ya narke ya tsiyaye. Abin da ya rage ya kama yashi, ya cinye haƙoran a hankali, ba mu sani ba. Ranar da ruwan farko ya sauko, bayan la'asar, fukafukan suna ta juyawa amma ba abin da suke ɗagowa. Ramin ya tumbatsa. Muka tare da fartanya, da hannu, har da fatun da mutane suka kawo jima, ruwan ya wuce ta tsakanin ƙafafunmu, ya gangara tafkin.

Bayan kwana uku Ardo ya zo, ko sallama bai yi ba. Ya jefar da fatun shanunsa a gaban Yaya, ya ce, "Majemi, ga aiki na kawo maka."

Yaya bai taɓa su ba. A makon nan muka cike ramukan da kakanmu ya haƙa. Ya koma garin Kende yana noma a gonar surukansa, bai sake riƙe wuƙar jima ba har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa cewa laifina ne ba, ni ma ban ce nasa ne ba. Amma har yau, in na ɗaga hannu zan yi addu'a, nakan tuna wanda ya hau da ƙwaryar.