Malamar da Ba Ta Taɓa Kiran Yaro Daƙiƙi Ba

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda a asibitin yara. Ta goge ɗan teburi, ta jera 'yan katakai masu launi, katunan hotuna da agogo. Aikinta auna basirar yara. Ma'aikata na kiranta Malamar Gwaji, yara kuwa Inna suke ce mata.

Iyaye kan shigo da takarda daga makaranta, fuska a murtuke, yaro na biye kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ita kuwa sai ta fara tambayar ko ya karya, ko an yi masa faɗa a hanya. Takan ce masana kansu ba su gama gardama ba, wasu na ganin basira abu ɗaya ce, wasu na cewa iri-iri ce. Makin da take rubutawa dai bai wuce abin da yaro ya iya a safiyar ranar ba.

Wani direba ya taɓa kawo 'yarsa, ya ce kanta ba ya ja, shaida kawai yake nema ya cire ta daga makaranta. Makin ya fito ƙasa ƙwarai. Amma Malama ta lura bakinta yarinyar ke kallo, ba katunan ba. Malama ta kare fuskarta da littafi ta kira sunan yarinyar, yarinya ko motsi. Da aka sake gwajin da nuni kawai, kafin rabin lokacin da aka ba ta ya cika, yarinyar ta haɗa zanen gwajin tsaf.

"Baban yarinya, 'yarka ba daƙiƙiya ba ce. Ji ne ba ta yi."

Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ta ce mutumin ya zube a kujerar yara yana kuka, yana cewa shekara huɗu yana dukanta don ta ƙi amsa kira.

Bara Malama ta fara manta sunayen abokan aikinta. Da ƙafarta ta je wurin likita. Ya ba ta kalmomi uku ta riƙe, bayan minti biyar ɗaya ta iya kawowa. Ta fi shi sanin abin da hakan ke nufi. Ta ce ya rubuta gaskiya, kada kunya ta sa ya ƙara mata maki. A makon ta ajiye aiki, don kada ta yi kuskure a kan ɗan wani.

Ke ce uwar waɗanda aka fitar da rai da su, Malama. Ke ce kika mayar da yara aji bayan an sallame su. Mun gode, Allah Ya sassauta miki.

Malamai da iyaye, ku koyi haƙurinta kafin ku yanke wa yaro hukunci. Ku kuma da kuka taɓa zama a gaban teburinta, tana gidan babbar 'yarta. Ku je yanzu, tun tana gane fuska.