Taron da Na Kira a Rumfar Direbobi

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina koyar da lissafi a wata kwaleji a Katsina, kuma ni ke riƙe da makullin ɗakin kwamfutocin makarantar. Ina jin wannan makulli ne ya sa aka jefa sunana cikin kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don tsara wa ƙasa manufar fasahar sadarwa. Aikina shi ne in ji ra'ayin mutanen jiharmu in kai Abuja. Wakilan wasu jihohi otal suka tara 'yan boko, aka sha lemo aka watse. Ni na ce sai na je gida, Jibiya, bakin iyaka.

Ina da dalili. Ƙanwar mahaifiyata tana aure a wani ƙauye kusa da Maraɗi, kuma da ta rasu, sai bayan an yi sadakar uku wani direba ya kawo mana labari. Maraɗi ta fi mana Kano kusa, amma a lokacin in kana son waya da can, sai ka shiga Katsina ka wuni a layi, kuma ba lallai ka samu ba. Duk abin da ke tsakaninmu da 'yan'uwanmu na ƙetare, sallahu ne a bakin direba.

Sarkin tasha abokin mahaifina ne tun ƙuruciya. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya dube ni ya ce:

"Ɗana, mi za ka ce ma direbobi? Su man fetur suka sani da 'yan kwastan."

"Baba, ba ni zan faɗa musu ba. Su za su faɗa mini."

Ya ba ni rumfarsu ranar Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar. Na ɗauko kwamfuta ɗaya daga makaranta, na naɗe ta da bargo saboda ramukan hanya, na ari janareton wani mai faci. Rumfa ta cika da direbobi da 'yan dako, yawancinsu mutanen Maraɗi, da 'yan kasuwar gari. Can gefe aka shimfiɗa wa mata tabarma, don a wancan lokacin ba mai yarda a gan shi ya cakuɗa maza da mata. A gaba kuwa, kan kujera, limamin masallacin tasha ne, dattijo mai ƙarancin magana wanda ni ma na yi karatun allo a zaurensa.

Ban gama bayanin yadda saƙo zai iya tashi daga wannan akwati ya sauka a Makka nan take ba, sai liman ya ɗaga hannu.

"Da ƙyar muka rufe gidajen kallo a garin nan. Yanzu kai kuma ka kawo wanda za a kai wa yaro har cikin ɗaki?"

Na san in na yi masa ƙarya ya gane, taron ya tashi ke nan.

"Allah gafarta Malam, gaskiya ne, akwai datti a ciki. Amma abin nan yana zuwa, ko mun so ko ba mu so. Yanzu ake rubuta yadda za a tafiyar da shi. In ba mu sa baki ba, wasu za su rubuta mana."

Na sa wani faifai na karatun Alƙur'ani da na zo da shi. Ayoyi suka fito a fuskar na'urar, muryar mai karatu na bin su. Mutane suka matso har suna taka mini waya. Ba a kai ƙarshen sura ba janareto ya yi tari ya mutu. Wani ɗan dako ya ce, "To, ga ƙarshen zance," aka kwashe da dariya.

Daga kan tabarma wata Hajiya mai fataucin atamfa ta yi gyaran murya. Ta ce ita a bar maganar Makka. Kayanta sukan kwana a hannun 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ita tana nan ba ta sani ba, sai ta ji shiru ta hau mota ta bi sawu. Ɗiyarta kuma tana aure a Daddara, nan kusa, amma ranar da naƙuda ta zo mata da gardama, sai da aka nemi mai keke ya zo gari neman mota. "Ku ba mu waya wadda ke kaiwa ƙauye," in ji ta. "In ta birni ce kaɗai, ku riƙe abinku."

Daga nan baki ya buɗe. Direbobi suka yi ta magana har aka kusa kiran magariba. Da za a tashi, liman ya kira ni gefe. Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi, tunda abin ba ya tsayuwa, to ya yi magana da harshenmu, a sa Hausa, a sa ajami, domin mutanensa da yawa da shi suke rubutu. A kuma koya wa iyaye, ba yara kaɗai ba.

A Abuja na tarar an riga an yi nisa da daftari. Yana maganar manyan jami'o'i, da ma'aikatu, da yadda za mu sayar wa duniya manhaja. Babu ƙauye a ciki, balle iyaka. Na nemi a ƙara sakin layi a kan garuruwan karkara da harsunan gida. Wani injiniya ya ce kamfani ba ya kafa turken waya inda ba riba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Shugaban kwamiti ya ce a bar shi sai zama na gaba. A zama na gaba ma haka ya ce. Na lura kullum maganata ce ta ƙarshe a jerin abin tattaunawa, lokacin da kowa ya fara haɗa jaka. Sai na daina jira. Ana buɗe taro na miƙe, na ba su labarin Hajiya da 'yarta kamar yadda ta faɗa. Wata likita daga yankin ruwa na kudu ta ce su ma a ƙauyensu da kwalekwale ake kai saƙo, kuma ba za ta sa hannu ba sai an saka. Mu biyu muka kafe. Aka saka, bayan an datse shi ya koma jimla kaɗan. Karkara ta shiga, harsunan gida sun shiga, ajami aka cire.

Na koma Jibiya na faɗa wa liman abin da aka samu da abin da aka rasa. Ya ce, "Wanda aka samu fa, wa zai aikata shi?" Ni ma na san takardar gwamnati takan daɗe a durowa.

Shi ya sa na roƙi shugaban kwalejinmu ya ba ni tsohuwar kwamfuta ɗaya, na kama shago kusa da tasha, na fara zuwa kowace Asabar ina koyar da manya. A darasin farko wani tela ya so ya rubuta sunan unguwarsu, ya nemi harafin ƙ a allon rubutu bai gani ba. Babu shi, babu ɗ, babu ɓ. Daminar shekarar gaba ɗaya a kan wannan na ƙare, ina tambayar duk wanda na ji ya san na'ura, har wani malamin jami'a a Kano ya nuna mini yadda ake saka su. Asabar ɗin da ta biyo na sa telan ya zauna ya rubuta sunan unguwarsu da hannunsa.